Jarumta da yabon jama'a: wanne ya dace ka fara kallo tsakanin One-Punch Man, Tiger & Bunny da My Hero Academia?

Duk wanda ya fara leƙa zanen Japan mai motsi, wanda aka fi sani da anime, yana neman labarin jarumai masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam, ba zai daɗe ba zai ci karo da sunaye uku: One-Punch Man, Tiger & Bunny da My Hero Academia. A ido dukkansu kamar abu ɗaya ne, wato mutane cikin kaya masu launi suna gwabzawa da miyagu ana rushe gine-gine. Sai mutum ya zauna ya kalle su sannan zai gane cewa kowanne yana kokawa ne da tambaya guda, kuma kowanne amsarsa daban: wane ne yake riƙe da littafin da ake rubuta aikin jarumi a ciki, kuma me yake faruwa da wanda ya yi aikin amma aka tsallake sunansa? Tunda lokaci da data ba su isa a haɗiye su gaba ɗaya ba, ya kamata mutum ya san abin da zai tarar kafin ya zaɓa. Dole zan taɓo wasu abubuwan da suka faru a cikin labaran, amma zan bar manyan asirai a rufe gwargwadon iko.

Akwai wani abu a harshenmu da yake sauƙaƙa fahimtar wannan batu. Kalmar jarumi a yau tana ɗaukar mutum biyu, wanda ya shiga wuta ya ciro yaro, da kuma wanda fuskarsa take kan fostar fim. Waɗannan shirye-shirye uku a tsakanin ma'anonin nan biyu suka kafa rumfarsu, domin a dukkansu jarumta sana'a ce mai rajista, mai albashi, mai jerin matsayi da ake bugawa kowa ya gani.

One-Punch Man shi ne mafi gajarta a shiga, kuma shi ne mafi kaifin baki. Wani mai zane da yake kiran kansa ONE ya fara shi a intanet a 2009, Yusuke Murata ya sake zana shi daga 2012, sannan kamfanin Madhouse ya mayar da shi zane mai motsi a 2015 cikin kashi 12, abin da bai cika awa biyar ba. Jarumin, Saitama, matashi ne da ya rasa aiki, ya ɗauki shekara uku yana motsa jiki iri uku kowanne sau 100 da gudun kilomita 10 kullum, har gashinsa ya zube ya zama mai sanƙo, ya kuma wayi gari babu abin da yake iya tsaya wa naushinsa guda. Marubucin ya cire tambayar ko jarumi zai yi nasara tun daga kashi na farko, saboda haka abin da ya rage wa mai kallo shi ne ya ga ko wani zai lura. Babu mai lura. Da Saitama ya je jarrabawar Ƙungiyar Jarumai ya karya duk wani tarihi a gwajin ƙarfi, amma ya yi rauni a rubutacciyar jarrabawa, ya tashi da maki 71, aka jefa shi ajin C, mafi ƙasƙanci, inda ake korar duk wanda ya yi mako bai kawo rahoton wani aiki ba. Almajirinsa Genos, wanda yake zaune a ɗakinsa yana rubuta duk abin da ya faɗa, ya ci maki 100 ya wuce ajin S, mafi girma, kai-tsaye. Abin dariyar ma shi ne, attajirin da ya kafa ƙungiyar ya kafa ta ne bayan wani baƙo ya ceci jikansa daga hannun dodo, kuma baƙon nan Saitama ne, amma babu wanda ya sani.

Inda shirin ya nuna gwanintarsa shi ne tsakanin kashi na 7 da na 9. Da farko wani ƙaton dutse ya taso daga sararin samaniya zai shafe birni, Saitama ya farfasa shi, ɓaraguzan suka zubo suka rushe gidaje, jama'a suka taru suna yi masa ihu ya ajiye aikin jarumta, wasu jarumai biyu masu hassada suna zuga su. Bayan haka sai Sarkin Teku ya fito, ya kayar da manyan jarumai ɗaya bayan ɗaya, ya fasa mafakar da mutane suka ɓuya a ciki. A cikin ruwan sama sai ga Mumen Rider, jarumin ajin C da ba shi da wata baiwa sai kekensa, ya iso yana haki, ya jefi dodon da keken, aka maka shi da ƙasa, ya miƙe jini yana zuba, ya faɗa da bakinsa cewa ya san ba zai iya ba, kuma ya san kowa ya san haka, amma dole ya tsaya ya fuskanci dodon. Mutanen da suke rawar jiki a mafakar suka fara kiran sunansa. Aka sake maka shi. Sannan Saitama ya iso ya gama da dodon da naushi ɗaya, kuma kafin a gama murna wani daga cikin taron ya fara cewa ashe dodon ba wani abu ba ne, sauran jaruman ne ragwaye masu cin kuɗin gudummawa a banza. Abin da Saitama ya yi a nan shi ne zuciyar shirin baki ɗaya: ya ɗaga murya ya yi dariyar mugunta, ya ce ya yi sa'a sauran sun riga sun gajiyar da dodon, shi kuwa ya zo ya tsinci yabo a ɓagas. Ya sayar da sunansa domin ya saya wa waɗanda suke kwance a ƙasa mutunci. Daga baya wasiƙun zagi suka yi ta zuwa masa, sai guda ɗaya tak ta godiya, wadda Mumen Rider ya rubuta.

A zango na biyu, wanda kamfanin J.C.Staff ya yi a 2019, aka ƙara wa wannan ciwo gishiri da labarin King, wanda ake yi wa kirari da mafi ƙarfin mutum a doron ƙasa, alhali shi mutum ne matsoraci mai son wasan kwamfuta, wanda ƙaddara ta riƙa ajiye shi a wurin da Saitama ya kashe dodo ya wuce. Har bugun zuciyarsa na tsoro mutane suka ɗauka alamar ya fusata ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan gardin ma bai nemi kuɗin ba, kuma kurar ta zama abokiyar wasansa. Gaskiya ita ce zanen zango na biyu bai kama ƙafar na farko ba, kuma labarin ya fara yaɗuwa zuwa jarumai da yawa har Saitama yakan ɓace na tsawon lokaci. Wanda ya tsaya a kashi 12 na farko bai yi asarar jigon ba.

Raunin One-Punch Man a kan wannan batu shi ne jaruminsa ba ya jin zafin rashin yabo sosai. Yakan ɗan yi ƙorafi idan ba a gane shi ba, amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya makara ranar rangwame a kanti. Mutumin da babu abin da zai iya raunata shi yana da sauƙin yafe suna. Wanda yake so ya ga abin da rashin yabo yake yi wa mutumin da yake da ciki da iyali da shekaru, Tiger & Bunny ne nasa.

Kamfanin Sunrise ya fitar da shi a 2011 cikin kashi 25, kuma ba daga littafi aka ɗauko shi ba, domin talabijin aka ƙirƙire shi. A birnin Sternbild jarumai ma'aikatan kamfanoni ne, ana nuna aikinsu kai-tsaye a wani shiri mai suna Hero TV, ana ba da maki ga wanda ya fara isa wurin, da wanda ya kama ɓarawo, da wanda ya ceci mutum, a ƙarshen zango kuma a naɗa Sarkin Jarumai. Masu shirin ba su tsaya a kwaikwayo ba, domin tambarin da ke jikin kayan jaruman na kamfanonin gaske ne irin su SoftBank da Bandai da Pepsi, waɗanda suka biya kuɗi aka manna sunansu. Wato shirin yana sukar tallace-tallace yana kuma cin abincinsa daga gare su, kuma ina ganin wannan ya ƙara masa gaskiya maimakon ya rage. Tun a mintocin farko an gama bayyana komai: 'yan fashi sun kama jirgin ƙasa, jarumi Wild Tiger ya shirya zai afka, sai mai shirya shirin ta ce masa ya dakata har a dawo daga talla. Ya ƙi, ya tsayar da jirgin ta hanyar lalata layin dogo, ya ƙara wa kansa bashin ɓarna a kan wanda ya riga ya tara.

Wild Tiger, wanda sunansa na gaskiya Kotetsu, ya fara manyanta, matarsa ta rasu, 'yarsa Kaede tana hannun kakarta a wani gari, ba ta ma san aikin da ubanta yake yi ba, abin da ta sani kawai shi ne yana yawan saɓa alkawari. Kamfaninsa ya rufe sashen jarumai, aka miƙa shi ga wani kamfanin aka haɗa shi da Barnaby, sabon yaro kyakkyawa mai irin baiwarsa sak, wato ƙarfi ya ninka sau ɗari na tsawon minti biyar, wanda yake fitowa da fuskarsa da sunansa a buɗe yana lissafin maki kamar ɗan kasuwa. An ɗauko tsohon ne domin ya haska sabon. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, Barnaby ne ya ceci Kaede a wani hatsari, daga ranar ta zama masoyiyar Barnaby, uban yana ji yana gani ba shi da bakin magana. A nan bambancinsa da Saitama ya fito fili, domin Kotetsu yana son a yaba masa, musamman 'yarsa, kuma duk lokacin da ya zaɓi ceto a kan maki ana ganin abin da zaɓin ya ci masa.

Rabi na biyu na shirin ya fi nauyi. Baiwar Kotetsu ta fara raguwa, minti biyar ɗin yana zaizayewa da daƙiƙa da daƙiƙa, yana ɓoye wa kowa. A cikin haka ya gano cewa Mr. Legend, gwarzon da ya sa shi sha'awar aikin tun yana yaro, shi ma baiwarsa ta ƙare a ƙarshen rayuwarsa, amma aka ci gaba da rubuta masa kamun da wasu suka yi domin kada tutar ta faɗi, mutumin kuma ya koma shaye-shaye da dukan iyali a gida. Daga baya an nuna cewa har laifukan da ake nunawa akwai waɗanda aka shirya domin a ƙara yawan masu kallo. One-Punch Man ya nuna littafin yabo yana kuskure saboda wauta da tsarin ofis, Tiger & Bunny kuwa ya nuna ana rubuta ƙarya a cikinsa da gangan saboda akwai mai cin riba. Akwai fina-finai biyu da suka biyo baya a 2012 da 2014, da zango na biyu da Netflix ta fitar a 2022, amma kashi 25 na farko cikakken labari ne da kansa, kimanin awa goma. Aibinsa shi ne 'yan kashin farko suna tafiya a hankali, kuma faɗace-faɗacensa ba za su gamsar da wanda ya zo neman girgizar ƙasa ba.

My Hero Academia wani irin kaya ne daban, domin shi doguwar tafiya ce. Kohei Horikoshi ya buga littafin a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2014 zuwa 2024, babi 430, kamfanin Bones kuma ya fara zanen mai motsi a 2016, ya kai zango takwas da kashi fiye da 150, abin da ya haura awa 60 na kallo. A duniyarsa kashi 80 cikin ɗari na mutane ana haifarsu da wata baiwa, yaron labarin kuwa, Izuku Midoriya, an haife shi babu komai. All Might, jarumi na ɗaya wanda ake kira alamar zaman lafiya, ya zaɓe shi magaji ne saboda ya gan shi ya ruga ceton wani yaro a lokacin da jarumai masu lasisi suka tsaya suna jiran wanda baiwarsa ta dace. A jarrabawar shiga makarantar horar da jarumai ta U.A. ma bai samu ko maki ɗaya na faɗa ba, maki 60 na ceto da ba a sanar da ɗalibai akwai su ba ne suka shigar da shi. Da farko mai kallo zai ɗauka shirin ya yarda da tsarin ɗari bisa ɗari, wato ka yi aikin kirki hukuma za ta gani. Wannan zato ne marubucin ya ɗauki shekaru yana warwarewa.

A zango na biyu Stain ya bayyana, mai farautar jarumai, wanda yake ganin duk mai aiki domin kuɗi ko suna jabu ne, All Might kaɗai ne na gaske. Shirin bai ba shi gaskiya ba, domin cikin waɗanda ya nakasa akwai mutumin kirki da ba shi da laifi, kuma ɗaya daga cikin yaran da aka fi so, Uraraka, ta faɗa ƙarara cewa kuɗi ta zo nema domin ta hutar da iyayenta, ba a kuma nuna hakan a matsayin abin kunya ba. Amma bai ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Ɗalibai uku ne suka kayar da Stain, sai aka ba Endeavor yabon, domin yaran ba su da lasisi kuma bayyana gaskiya zai jawo musu hukunci. Shi Endeavor ɗin, jarumi na biyu, shi ne misalin abin da jerin matsayi yake yi wa zuciya: ya kasa wuce All Might, sai ya yi aure domin haɗa baiwa, ya mayar da gidansa sansanin horo, ya tarwatsa matarsa da 'ya'yansa, sannan ya samu matsayi na ɗaya ba da ƙarfinsa ba, sai don wancan ya yi ritaya. Ramakon abin da ya shuka ya same shi a zango na shida a gaban ƙasa baki ɗaya.

Abin da My Hero Academia ya yi wanda sauran biyun ba su yi ba shi ne ya juya ya tuhumi masu tafin. A One-Punch Man jama'a taro ne mai saurin juyawa, a Tiger & Bunny masu kallo ne a gaban talabijin, a nan kuwa suna da hannu a ɓarnar. A zango na biyar an nuna yarintar babban mugun labarin, yaro ɗan kimanin shekara biyar yana tafe a titi shi kaɗai bayan masifa ta cinye gidansu, mutane suna kallonsa suna kawar da kai. Wata tsohuwa ta matso, ta ga fuskarsa, ta ja da baya tana cewa ai ɗan sanda ko jarumi zai zo ya taimake shi. Babu wanda ya zo sai mugu. Girman All Might ya sa kowa ya sauke nauyin da ke kansa ya ɗora wa masu sanye da kayan jarumta. Da yaƙi ya ɓarke jama'a suka juya wa jarumai baya, da yawa daga cikinsu suka ajiye aiki, sai aka ga waɗanda suka rage lokacin da yabo ya ƙafe, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Har ta kai Uraraka ta hau rufin gini da lasifika tana roƙon mutanen da suka fake a makarantar su bar Midoriya ya shigo ya huta, domin shi ma yaro ne. A ganina wannan ita ce amsa mafi zurfi a cikin ukun, amma kuɗinta yana da yawa, domin kafin ka kai can za ka ratsa gasannin makaranta, da maimaita abin da ya wuce a farkon kashi, da yawan kuka da dogon jawabi a tsakiyar faɗa, waɗanda babba zai iya gajiya da su.

Wanda yake zaɓa wa yara a gida ya sani cewa duk ukun ba katun ɗin ƙananan yara ba ne. One-Punch Man yana da fashewar jikin dodanni da jini a fili, My Hero Academia yana yin duhu sosai daga zango na biyar, kuma a dukkansu akwai jarumai mata da aka yi wa shigar da ba kowane gida zai lamunta ba. Gara babba ya fara gani kafin ya miƙa waya.

Idan aka ce in zaɓa wa mutumin da ban sani ba, zan ce ya fara da zangon farko na One-Punch Man, domin yini ɗaya ya isa, zanensa shi ne mafi kyau a cikin ukun, kuma zai ba shi ma'auni. Idan ya kai kashi na 9 ya ga zuciyarsa tana tare da Mumen Rider, mai keken da ya miƙe duk da ya san za a sake kayar da shi, to Midoriya ɗan'uwansa ne, sai ya ɗaura ɗamarar My Hero Academia, ya kuma yi haƙuri har ya wuce labarin Stain kafin ya yanke hukunci. Idan kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne wasiƙun zagin nan, da yadda ofis ya ba wani matsayi ya bar wani, musamman idan shi ma ma'aikaci ne da ya taɓa ganin an kawo sabon yaro an ɗora a kansa, to ya tafi Tiger & Bunny kai-tsaye. Ni a nan na fi daɗewa, kuma shi nake komawa, saboda Kotetsu bai ƙare da kambi ba. Baiwarsa ta ragu zuwa minti ɗaya, ya yi ritaya, ya kasa zama, ya dawo a rukuni na biyu inda ake bin ƙananan ɓarayi kuma kyamara ba ta cika zuwa ba, sai dai a wannan karon Kaede ta san wane ne a cikin kayan.